An Tsaurara Tsaro A Sama: Tumbin Jirgin Fasinja, Jirgin Dakon Kaya, Ko A Haƙura A Bi Ruwa?

Duk sanda wani mugun abu ya sami jirgin sama, hari ne ko gobara ko bam da aka gano kafin ya tashi, labarin fasinjoji ne ke cika kafafen yaɗa labarai: an soke tashi, mutane sun kwana a kan benci. Ba kasafai ake leƙa sito a ga kayan da aka jibge ba, alhali masu kayan ne ke daɗewa cikin wahalar. Fasinja kwana biyu ko uku ya isa gida. Dokar da aka ɗora wa kaya kuwa takan shekara, wata ma ta zauna ke nan.

Kuma ba ƙananan kaya ba ne. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana cewa abin da ke bin sama bai kai kashi 1 cikin 100 na yawan hajar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe ba, amma ya kai kusan kashi 35 na darajarta. Wato magunguna ne, da wayoyi, da kayan gyaran injin da masana'anta ke tsaye tana jira, da furannin da kwana uku ke kashewa. Mai irin wannan haja, ranar da aka ce an tsaurara, dole ya zaɓa: ko ya ci gaba da bi ta tumbin jirgin fasinja, wato ɗakin kaya da ke ƙarƙashin kujeru, ko ya koma jirgin dakon kaya zalla, ko ya miƙa wa manyan kamfanonin aika saƙo irin su DHL da FedEx da UPS, ko ya haƙura ya bi ruwa, ko ya haɗa ruwa da sama. Yawancin mutane da farashi da yawan kwanaki kawai suke zaɓa, kuma a lokacin lafiya wannan ya isa. A lokacin takunkumi akwai tambayar da ke gaban waɗannan biyun: shin me aka rufe?

Me aka rufe?

Wani lokaci samaniyar ce kanta. Ranar 11 ga Satumba 2001 Amurka ta sauke duk jirgin farar hula da ke sararinta, ba a sake buɗewa ba sai ranar 13. A watan Afrilun 2010 kuma tokar dutsen da ya yi aman wuta a Aisland ta rufe yawancin sararin Turai kusan mako guda, aka soke tashin jirage kimanin 100,000, har manoman furanni da kayan lambu a Kenya suka riƙa zubar da amfaninsu don babu jirgin da zai kai shi kasuwa. Irin wannan rufewa ba ta barin kowa, jirgin fasinja da na kaya duk ɗaya ne a wurinta, sai dai ba ta daɗewa. Wanda ya firgita ya kwashe kayansa ya cusa a kwantena a rana ta uku zai ga an buɗe sama alhali kayansa ko tashar ruwa ba su bari ba.

Wani lokaci ƙasa ce aka ɗora wa takunkumi. A ƙarshen Oktoban 2010 aka gano bama-bamai biyu a cikin robar tawadar firinta, an aiko su daga Yaman za a kai Shikago. Ɗaya aka tare a Dubai, ɗaya a filin jirgin East Midlands na Ingila. Abin da ya tayar wa hukumomi hankali shi ne ba na'ura ce ta gano su ba, bayanan sirri ne daga Saudiyya, kuma na Ingila ma a binciken farko ba a ga komai ba. Nan take Amurka da Birtaniya suka hana kayan sama daga Yaman, suka haɗa da Somaliya. A Disamban 2015, bayan faɗuwar jirgin Rasha a Sinai wanda ya kashe mutum 224, Ostireliya ta hana kayan sama daga Masar da Siriya da Yaman da Somaliya da Bangladesh. A Maris 2016 Birtaniya ta hana kaya su taso kai tsaye daga Dhaka, kuma ba ta janye ba sai Fabrairun 2018. Kusan shekara biyu masu fitar da tufafi na Bangladesh suna biyan kuɗin zagaye, ana sauke kayansu a wata ƙasa ta uku a sake haska su kafin su wuce.

Na uku shi ne a hana wani nau'in kaya, kuma babban misalinsa batirin litiyam, wanda zan dawo kansa. Na huɗu, wanda ya fi ɓata wa ƙananan 'yan kasuwa rai, shi ne a rufe ƙofa ga mai kayan da ba a sani ba. Tun bayan 2001 Amurka ta ce jirgin fasinja ba zai ɗauki kayan wanda ba ya cikin rajistar sanannun masu aiko kaya ba. A watan Yulin 2024 wasu ƙunshin saƙo suka kama da wuta a cibiyar DHL ta Leipzig a Jamus da wani sito kusa da Birmingham, bincike ya nuna da gangan aka shirya su. Bayan 'yan makonni Amurka da Kanada suka ce kayan da suka taso daga ƙasashen Turai da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet sai mai aikowa yana da tsohuwar hulɗar kasuwanci da ejan ko kamfanin jirgin. Kayanka lafiya lau, ƙasarka ba ta da laifi, jirgi na tashi kullum, amma an ce a'a don ba a san ka ba.

Kowace hanya da za mu duba tana maganin wasu daga cikin waɗannan huɗun ne, ba duka ba.

Tumbin jirgin fasinja

Kafin 2020 kusan rabin kayan saman duniya a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji suke tafiya. Dalilin a fili yake. Jirgin zai tashi ko da kaya ko babu, tikitin fasinja ya riga ya biya yawancin kuɗin tafiyar, don haka kamfani kan sayar da gurbin da ya rage da rahusa. Ga shi yana zuwa garuruwan da jirgin dakon kaya ba ya taka su, kuma yana tashi kullum, wani wurin sau biyu ko uku a rana. A lokacin lafiya, ga mai kaya matsakaita, babu hanyar da ta fi wannan daɗi.

Amma ita ce ake fara matsewa, domin akwai rayuka ɗari biyu ko uku a saman kayan. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 2007 ta wajabta a tantance rabin kayan da ke shiga jirgin fasinja zuwa Fabrairun 2009, duka kuma zuwa Agustan 2010, kuma kwali-kwali ake nufi, ba a duba jimla a wuce ba. Ko babu dokar tsaro ma, kaya ne na ƙarshe a layi. Jakunkunan fasinjoji ne farko, sai mai, sannan haja. Ranar da jirgi ya cika ko iska ta sa aka ƙara mai, sai a sauke falet ɗinka, wato fantekar da aka jera kwalayenka a kai, a ce sai jirgin gobe, gobe kuma a ce jibi.

Wannan lissafin mai ya ƙara tsanani tun Fabrairun 2022 da aka rufe sararin Rasha ga jiragen Turai. Tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da ake yi cikin awa tara da wani abu ta koma wajen awa 13. Kowane tan na man da aka ƙara, tan ne na kaya da aka bari a ƙasa. Annobar korona kuwa ta nuna iyakar abin: da fasinjoji suka daina tafiya a 2020 sai tumbin ya ɓace gaba ɗaya, har kamfanoni suka riƙa cire kujeru ko ɗaure kwalaye a kansu da raga.

Akwai kuma girma. Ƙasan babban jirgin fasinja ba ya ɗaukar abin da ya wuce tsayin santimita 160 ko kusa da haka. Ƙananan jirage masu layin kujeru ɗaya kuwa galibi da hannu ake loda su, ƙofarsu ƙarama ce ainun.

A ganina tumbi na wanda kayansa ba su da wata alamar tambaya ne: tufafi, takalma, takardu, magungunan da aka shirya yadda ya kamata, kuma yana bi ta hannun ejan da hukuma ta amince da shi. Sabon mai kaya da ya zo a makon da aka tsaurara, kada ya sa rai da nan.

Jirgin dakon kaya zalla

Nan ne kowa ke rugawa idan abu ya faru, shi ya sa farashinsa ke fara tashi kafin na kowa. Boeing 777 na kaya yana ɗaukar wajen tan 100, 747 ya fi haka kuma hancinsa na ɗagawa a zura doguwar haja, saman benensa na karɓar abin da ya kai tsayin mita uku. Babu jakar fasinja da za ta ture ka. Idan ka yi bukin gurbi da wuri, musamman idan ejanka yana da kason da ya saya na dindindin, damar kayanka su tashi a ranar da aka ce ta fi ta tumbi nesa ba kusa ba.

Babbar fa'idarsa ita ce kayan da aka hana jirgin fasinja. Ranar 3 ga Satumba 2010 wani 747 na UPS ya taso daga Dubai, wuta ta kama a cikin kayansa inda akwai batiran litiyam masu ɗimbin yawa, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa har ba a ganin agogunan tuƙi, jirgin ya faɗi, matuƙan biyu suka rasu. Wannan da wasu makamantansa ne suka sa hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta hana ɗaukar batirin litiyam tsuransa a matsayin haja a jirgin fasinja daga 1 ga Afrilu 2016. A jirgin dakon kaya an yarda, amma da sharaɗin cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin 100. A nan mutane ke yawan rikicewa. Batirin da ke cikin waya ko kwamfuta hukuncinsa daban, lambarsa UN3481, kuma yana iya shiga jirgin fasinja bisa sharuɗɗa. Batir shi kaɗai lambarsa UN3480, kuma fawabank a nan yake, duk da mutane da yawa na ɗaukarsa na'ura. Wanda ya rubuta shi a matsayin kayan waya don ya wuce, ranar da aka kama shi ba kayan kawai zai rasa ba, sunansa ne zai shiga baƙin littafi a wurin ejan da kamfanin jirgi.

Sai dai wanda yake zaton jirgin dakon kaya mafaka ce daga tantancewa, labarinsa ya tsufa. Da can haka ne, akwai sassauci ga kamfanin da ke da asusu da mai jirgi. Bama-baman Yaman ne suka fara rusa wannan tunani, kuma daga 30 ga Yuni 2021 ƙa'idar ICAO ta daidaita su: kayan da za su ƙetare ƙasa, ko a wane jirgi, sai an tantance su ko sun fito ta hannun da aka amince da tsaronsa tun daga masana'anta. Haka kuma idan ƙasa aka ɗora wa takunkumi, sauya jirgi ba ya warware komai. Gudun gara ne a tarar da zago.

Shi ma yana da nasa ciwon. Ba ya zuwa ko'ina, galibi manyan cibiyoyi yake sauka irin su Hong Kong da Dubai da Doha da Frankfurt da Liège, daga nan sai mota ta ƙarasa, wanda ke ƙara kwana. Wata hanyar sau ɗaya ko biyu yake bi a mako, ka rasa na yau sai wani makon. Kuma da yawa daga jiragen tsofaffi ne. A Nuwamban 2025, bayan wani MD-11 na UPS ya faɗi yana tashi daga Louisville, aka dakatar da duk jirage samfurinsa, ana dab da lokacin da kaya suka fi yawa a shekara. Fasinja bai ji a jikinsa ba, don an daɗe da daina ɗaukar mutane da wannan samfurin. Masu kaya ne suka ji.

Shatar jirgi guda kuwa maganar manya ce, ko ta 'yan kasuwa da suka haɗa kai. Ba zan tsaya a kanta ba.

Kamfanonin aika saƙo

Ƙarfinsu shi ne komai a hannunsu yake: motar da ta ɗauko, siton, na'urar haskawa, jirgin, ma'aikatan kwastan, da motar da za ta kai ƙofa. Idan sabuwar doka ta fito da dare, kamfani ɗaya ne zai gyara tsarinsa, ba sai an jira mutum biyar sun fahimci juna ba. Kuma su ne suka fi kowa gwanancewa da aika bayanan kaya ta kwamfuta kafin lodi. Ga ƙunshin da bai wuce 'yan kiloli ba, samfur ne ko takardu ko wani ƙaramin ƙarfen inji, ban ga dalilin neman wata hanya ba.

Amma a lura, manyan abubuwan tsaro biyu da suka girgiza harkar, na 2010 da na 2024, duk ta wannan ƙofa suka shigo, domin ita ce ƙofar da baƙo zai shiga da ƙunshi ya biya ya tafi. Don haka idan aka tsaurara, wanda ya zo kanta da kuɗi a hannu shi ake fara tsarewa da tambayoyi ko a mayar. Mai asusu na dindindin, wanda ya saba aikowa, yana wucewa. Buɗe asusu a lokacin lafiya, ko da sau ƙalilan za ka yi amfani da shi, ya fi duk wata dabara da za ka nema ranar da aka rufe.

Tsadarsu kuma ba a kuɗin kilo kawai take ba, tana cikin awo. Ɗauki kwali mai tsawon santimita 60, faɗi 50, tsayi 40, ka cika shi da kaya marasa nauyi ya zama kilo 9 a sikeli. Ba kilo 9 za ka biya ba. Ana ninka ma'aunan uku, a sami 120,000. Kamfanin jirgi na yau da kullum yana rabawa da 6,000, ya caje ka kilo 20. Kamfanonin saƙo galibi da 5,000 suke rabawa, ya zama kilo 24. A kwali ɗaya ba komai ba ne. A kwali hamsin, ƙarin kilo 200 ne ka biya na iska a kan abin da kamfanin jirgi zai caje ka.

Ruwa, da haɗin gambiza

Jirgin ruwa ba ruwansa da yawancin waɗannan dokoki. Batir, turare, fenti, ganguna, manyan injina, duk yana ɗauka bisa nasa ƙa'idojin kaya masu haɗari, kuma kuɗinsa a kilo ba a ma haɗa shi da na sama. Abin da ake biya shi ne lokaci. Daga gabashin Asiya zuwa arewacin Turai wata guda ne zuwa kwana 40 idan an bi ta Suwez. Tun ƙarshen 2023 da hare-hare a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni zagayawa ta ƙasan Afirka, an ƙara kwana goma zuwa mako biyu. Idan kayanka ba su cika kwantena ba, ƙara kwanakin jiran a haɗa ku da wasu, da na rarrabawa a can.

Lissafin da ya kamata a yi a nan ba na kuɗin dako ba ne kaɗai. Jarin da ke kwance a teku wata biyu ba ya juyawa. Hajar yayi tana iya isowa bayan yayin ya wuce. Idan kuwa hajar ba ta tsufa kuma kana da abin sayarwa a hannu, to tun asali ma bai kamata ta hau sama ba, rikicin ya tuna maka ne kawai.

Haɗa ruwa da sama shi ne tsaka-tsaki. Jirgin ruwa ya kawo kaya tashar Jebel Ali a Dubai, a fasa kwantena, a tantance, a ɗora a jirgin sama zuwa Turai ko Afirka. Daga Asiya zuwa Turai yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da wanda matsalarsa filin jirgin ƙasarsa ne, kamar yadda ya faru da Dhaka, tunda kayan za su tashi ne daga filin da aka yarda da tantancewarsa. Amma a karanta dokar da kyau. Wani takunkumin a kan jirgin da ya taso kai tsaye yake, zagaye na warware shi. Wani kuma a kan asalin kayan yake, irin na Yaman, ko ta ina suka biyo yana bin su. Ejan da ya ce zai sauya maka takardar asali don a wuce, ka rabu da shi a ranar. Rauninta na biyu shi ne yawan hannu: kowane sauke da lodi dama ce ta fashewar kwali ko ɓacewarsa.

Jirgin ƙasa tsakanin Sin da Turai shi ma mako biyu zuwa uku ne, amma babban layinsa ta Kazakistan da Rasha da Belarus yake bi ya shiga Poland, kuma a Satumban 2025 Poland ta rufe iyakarta da Belarus kusan mako biyu, jirage suka yi cirko-cirko. Yana da amfani ga masu wannan yankin kawai.

Abin da ke faruwa a sito

Wanda bai taɓa tsayawa a siton filin jirgi ba yakan ɗauka tantancewa takarda ce ake buga wa hatimi. Ga yadda take. An kawo falet an naɗe shi da leda tsaf, an ɗaure da bel. Ya fi bakin na'urar haskawa girma, ko kuma ya shiga amma allon ya nuna baƙi ƙirin saboda ƙarfe ne cunkushe. Sai a yanke ledar, a sauke kwalayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bi ta na'ura. Wanda har yanzu ba a ga cikinsa ba, a goga masa ɗan ƙyalle a sa a injin da ke sansano ɓurɓushin abin fashewa, ko a kawo kare, ko a farke shi a duba da hannu. Gangar ruwan sinadari ko buhun gari mai kauri, wani lokacin babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke gamsarwa, sai a ce ba za su tashi ba. A ranar da aka tsaurara, falet ɗari ne ke layi a gaban na'ura biyu. Yawancin jinkirin da ake ɗora wa jirgi, a nan yake faruwa.

Don haka yadda ka shirya kaya yana cikin zaɓin hanya. Ƙananan kwalaye masu kaya iri ɗaya suna wucewa da sauri. Kwalin da aka cakuɗa waya da cokali da turare shi ne ake ajiyewa gefe.

Sai bayanai. Amurka ta fara gwajin ACAS, tsarin aika wa hukuma bayanan kaya kafin lodi, a ƙarshen 2010, ya zama dole a Yunin 2018. Tarayyar Turai tana da nata irinsa, ICS2, wanda ya shafi duk kayan sama tun Maris 2023. Abin da suke nema kafin a loda kaɗan ne: suna da adireshin mai aikowa, suna da adireshin mai karɓa, bayanin kayan, yawan ƙunshi, nauyi, da lambar takardar jirgi. Idan kwamfutarsu ba ta gamsu ba tana iya neman ƙarin bayani, ko a sake tantancewa, ko ta ce kada a loda. Mafi yawan abin da ke maƙalewa bayanin kaya ne. Ka rubuta kayan gyara, ko kyauta, ko kayan masarufi, ka sayi jinkiri da hannunka. Ka rubuta famfon mai na ƙarfe na injin dizal, guda 12, ka wuce.

Ga mai aikawa Turai akwai ƙarin tambaya ɗaya da zai yi wa ejansa: kamfanin jirgin yana da shaidar ACC3 a filin da kayan za su tashi, shi kuma ejan yana da RA3? Waɗannan su ne shaidun da Tarayyar Turai ta ƙirƙiro bayan 2010 don tabbatar da tsaron kayan da ke shigo mata daga waje. Ejan da ke da ita, tantancewarsa karɓaɓɓiya ce. Wanda ba shi da ita, sai an sake yi a filin jirgi, ka koma wancan layin.

Idan kaya suka lalace ko suka makara, wa zai biya?

Nan mutane da yawa ke shan mamaki. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade diyyar da kamfanin jirgin sama zai biya a kan kilo, ba a kan darajar kaya ba. Tun ƙarshen Disamban 2024 iyakar ita ce SDR 26 a kilo, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dalar Amurka 35. Kwalin wayoyi mai kilo 10 ya ɓace, abin da doka ta tilasta a ba ka bai wuce kuɗin waya ɗaya mai matsakaicin daraja ba, sai fa in ka bayyana darajar tun farko ka biya ƙari. A ruwa abin ya fi muni: ƙa'idojin Hague-Visby SDR 2 ne a kilo, ko 666.67 a ƙunshi, duk wanda ya fi yawa.

Jinkiri kuwa, idan kamfani ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa, ba ya biya, kuma umarnin gwamnati na rufe sama ko hana kaya hujja ce mai ƙarfi a hannunsa. Inshorar kaya ta yau da kullum ita ma ba ta biyan asarar da jinkiri ya jawo, yaƙi da yajin aiki kuma sai an saye su daban. Mai furanni ko magani mai buƙatar sanyi ya tambayi wannan a rubuce kafin ya sa hannu. Kuma akwai wa'adi: ƙorafin lalacewa cikin kwana 14 da karɓar kaya, na jinkiri cikin kwana 21, a rubuce. Ya wuce, ya wuce.

To wacce za a bi?

Idan sama aka rufe gaba ɗaya, a dakata 'yan kwanaki, a kama gurbi a jirgin farko, kada a taɓa kwantena sai an ga abin zai ja. Idan filin jirgin ƙasarku ne ba a yarda da shi ba, zagaye ta ƙasa ta uku ko haɗin ruwa da sama. Idan nau'in kayan ne, jirgin dakon kaya da cikakkun takardun kaya masu haɗari, ko ruwa. Idan kai ne ba a sani ba, babu jirgin da zai cece ka, sai ejan da ya san ka kuma hukuma ta san shi, ko da ya fi na gefensa tsada.

Ga babbar oda kuwa, ni ban yarda a zuba ta a hanya ɗaya ba. A ware abin da zai riƙe kasuwa ko masana'anta na makonni shida zuwa takwas, a tura shi ta sama ko da tsada, sauran ya bi ruwa. A raba takardun gida biyu tun daga masana'anta, kowane kashi da nasa rasit da jerin kaya, domin kwastan ba ya sakin rabin kaya a kan takardar da ta ambaci duka. A cire duk wani batir tsura da turare da fenti daga kashin sama a mayar da su kwantena, don kwali ɗaya mai matsala yana iya tsayar da falet guda.